Baba Toka da Bangon da Ya Ƙi Hucewa

Idan ka haɗu da Baba Toka da safe a layinmu, ka gaishe shi bai amsa ba, kada ka ce girman kai ne. Idonsa ba ya kan mutane. Kafin bana, kullum za ka gan shi yana tura tsohon kekensa, tsani ɗaure a gefe, buroshin ƙarfe da igiya da bokiti suna lilo a baya, kansa kuwa a sama, yana bin bututun hayaƙin gidaje ɗaya bayan ɗaya. In ya ga hayaƙi siriri yana miƙewa, sai ya wuce abinsa. In ya ga ya yi kauri ya kwanta a kan rufi, sai ya jingine keken ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Mun sha tsokanarsa cewa wata rana sai ya faɗa rami garin kallon sama. Ya kuwa taɓa faɗawa, ya fito ya kakkaɓe wando ya ci gaba da kallonsa.

Aikinsa ke nan tun ina yarinya. Shi ke kafa mana murhun ƙarfe na itace da muke ɗumama ɗakuna in sanyi ya shigo, shi ke share bututun, shi ke liƙe tsaga. Yara ne suka laƙaba masa Toka, don gemunsa da rigarsa da farcensa duk launi ɗaya ne. Bana likita ya hana shi hawa rufi, ƙirjin ya gaji da shaƙar kunkunniya, ya rataye tsanin a bayan ɗaki. Babu wanda ya tara mutane a yi masa ban kwana, babu wanda ya ce uffan. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, shi ya sa na ce ni zan yi magana. Ina kuma da dalili, don ba domin mutumin nan ba, da yanzu ba ni da uwa.

In ya shiga gida ba ya zama, ba ya karɓar ko ruwa. Abin da zai fara cewa shi ne, "A yi shiru." Sai a kashe rediyo, a toshe bakin yara, gida ya yi tsit. Shi kuwa ya durƙusa gaban murhu, ya karkata kai, yana sauraron 'yar ƙarar nan da ƙarfe ke yi, ƙas, ƙas, in yana ɗaukar zafi ko yana hucewa. Wani lokaci har leɓensa na motsi. Mu yaran lokacin mun yarda ɗari bisa ɗari cewa magana yake yi da wani abu da ke zaune cikin murhun, abin kuma yana ba shi amsa. Na girma na san ba haka ba ne, amma har yau in na tuna shirun nan sai tsikar jikina ta tashi.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki tana da nata labarin, kuma ba ta gajiya da ba da shi. Wata rana da hantsi ya zo wucewa, ya ga tagarta ta yi gumi, alamar akwai wuta a ciki, amma bututunta ko ɗigon hayaƙi babu. Ya buga ƙofa, shiru. Ya leƙa, ya hango ta zaune a kan keken ɗinki, ƙanwarta a gefe da allura a hannu, su biyun kawunansu sun sunkuya, idanu rabi a buɗe, ba mai motsi. Bai tsaya neman izinin kowa ba, ya sa guduma ya fasa gilashin. Ashe tsuntsu ne ya yi sheƙa ya toshe bututun, gubar hayaƙin ta dawo ɗaki tana kwantar da su a hankali. Mai ɗinki takan ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne daɗin barcin, ko kusa ba ta so a tashe ta ba.

Kai ne mai shiga inda ba a gayyace ka ba, Baba, ka fita ba ka jira godiya ba. Gidaje nawa ne a layin nan da ke tsaye saboda ka ɗaga kai ka duba? Masu gidajen ma ba su sani ba.

Yanzu bari in zo kan namu.

Mahaifinmu kafinta ne, kuma abokin Baba Toka ne irin abokan nan da ba sa haɗuwa ba su yi musu ba. A gidanmu wutar ɗaki tasa ce shi kaɗai. Shi ke faskara, shi ke jerawa, shi ke murɗa 'yar tagar iskar da ke ƙasan murhun, ya buɗe kaɗan, ya rufe kaɗan. Inna in ta kai hannu sai ya ce, "Ke dai zauna ki sha ɗumi." Haka ta zauna ta sha ɗumi har suka tsufa, ba ta taɓa sanin me tagar nan ke yi ba. Sai Allah ya yi masa rasuwa a bakin shigowar sanyi. Muka yi zaman da za mu yi, kowa ya koma gidansa da aikinsa, Inna ta ce ita ba inda za ta, a ɗakinta za ta zauna.

Akwai itace a jibge a tsakar gida, amma ba shi ta ɗiba ba. Rumfar aikinsa ta shiga, ta kwaso guntayen katakon da ya bari, busassu ƙayau, wasu ma da zanen fensirinsa a jiki. Ta ce ƙamshinsa suke yi. Ta cusa su cikin murhun har baki, ta bar tagar iskar a wangale yadda ta same ta, ta kunna. Mai ɗinki ce ta shigo gaishe ta da rana tsaka, ta tarar da murhun ya yi jajawur har gindin bututu, yana gurnani, fentin jikinsa na tashi da wari, Inna kuwa na zaune a gabansa ta zuba masa ido. Mai ɗinki ta yi salati, ta naɗe hannu da zane ta rufe tagar yadda Baba Toka ya taɓa nuna mata, suka ja da baya har wutar ta mutu don kanta. Sannan ta kira ni a waya.

Ina da nisa, sai bayan kwana biyu na iso. Duk hanya tunanina a kan murhun yake: ya lalace ne, zai gyaru, ko a sake kunna shi ya fashe da ita? Na shiga na same shi a mace, samansa ya lanƙwashe, baƙin fentin ya koma fari-fari, ƙofar ba ta rufuwa daidai. Tun ranar ba a sake hura shi ba. Gidan ya yi sanyi har numfashina nake gani. Kyanwar Inna, wadda kullum tana kan gadonta, tana tsugune a bakin ƙofar ɗakin, ta ƙi shiga, ta kafe bango da ido. Inna kuwa na zaune a ƙasa, ba bargo, ta jingina bayanta da bangon da ke bayan murhun. Fuskarta a sake. Rabon da in ga fuskarta haka tun mahaifinmu na da rai.

"Inna, ba kya jin sanyi?"

"Zo ki taɓa," ta ce, a hankali, kamar kada ta tashi mai barci.

Na ɗora tafina a bangon. Wallahi da ɗumi. Ba zafin wuta ba, ɗumi irin na jikin mutum. Na janye hannun da sauri.

"Ba sai kin yi min wa'azi ba," ta ce. "Na san wanda ya mutu ya tafi. Amma shekaranjiya a can yake, daidai inda yake jingina in ya gama hura wuta. Jiya ya matso. Yau ga shi nan." Ta shafa wurin, ta ɗan juya ta dubi kan gadonta, wanda ke manne da wannan bangon. "Tahowa yake."

Ni da nake taƙama ba na tsoron komai, sai ga ni na yi hanyar ƙofa. Na fita ko mayafi ban gyara ba, na je na samo Baba Toka. Ban iya faɗa masa maganar bangon ba, bakina ya ƙi. Cewa na yi murhun Inna ya yi ja, ya zo ya duba mana ko ya lalace.

Ya shigo ya ce a yi shiru, alhali babu mai magana. Murhun da na kira shi dominsa, kallo ɗaya ya yi masa. Ya shafa saman da ya lanƙwashe, ya gwada ƙofar, ya ce, "Wannan mai sauƙi ne, 'yata. Ƙarfe in ya ji jiki yana nunawa." Sai ya tsaya. Ya dubi kyanwar. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Ni ban ji komai ba sai wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da na ɗauka na rumfar aikin mahaifinmu ne.

"Uwargida," ya ce da Inna, don haka yake kiran ta tun tana amarya, "ɗan matsa min."

"Ga murhunka can, Mai Murhu. Me ya haɗa ka da bangona?"

Bai yi musu ba. Ya ce in kawo masa ruwa a bokiti da tsumma. Ya jiƙa tsumman, ya bi bangon yana shafawa daga kusurwa zuwa kusurwa, sama da ƙasa, har kewayen kafaɗun Inna, bangon duka ya yi duhu da laima. Sannan ya ja da baya ya harɗe hannu. Muka tsaya muna kallon bango, mu uku da kyanwa.

Ko'ina ya zauna a jiƙe, sai wuri ɗaya. A nan laimar ta fara janyewa muna gani, fari yana fitowa daga tsakiya yana faɗaɗa. Ya taso daga bayan murhun, ya bi ta bayan Inna, faɗinsa da tsayinsa kamar na mutum a zaune, gefe ɗaya kuma ya miƙe siriri, ya nufi kan gadon. Na ji salati na fita daga bakina ba da niyyata ba.

Inna ta waiwaya ta gani, hawaye suka zubo mata, tana murmushi. "To, ka gani da idonka."

Baba Toka ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da ita. Ban taɓa ganin ya zauna a gidan kowa ba sai ranar. 

"Na gani," ya ce. "Uwargida, kin tuna shekarar da ƙafafunki suka matsa miki da ciwon sanyi? Kafinta ya ƙara wa bangon nan katako ta ciki, ya cika tsakanin da garin katako, ya yi filasta a kai, don kada sanyi ya ratso ya same ki. Mun yi faɗa da shi a kan haka har muka yi kwanaki ba ma gaisawa. Na ce garin katako da murhu ba sa maƙwabtaka. Ya ce muddin shi ke riƙe da wutar, ba za ta taɓa wuce iyaka ba. Bai kuwa yi ƙarya ba, ba ta taɓa wucewa ba a hannunsa. Ranar da murhun nan ya yi ja, zafin ya ratsa. Garin ne ya kama. Ba ya yin harshe, ba ya yin hayaƙin da za ki gani, ci kawai yake a ɓoye yana tafiya. Ranar da ya sami iska, ɗakin nan gaba ɗaya zai tashi, kuma ba zai yi sallama ba."

Inna ta share ido. Murmushin ya tafi. "Me kake so ka yi?"

"Fasa shi zan yi."

"Ba za ka fasa ba."

"Inna!" na ce. Ya ɗaga min hannu, na yi shiru.

"Shi ya gina shi da hannunsa," ta ce. "Tun da ya tafi ban ji ɗumi ba sai a nan. Wuta ce, na ji. To a bar ta ta iso. Wa na tare wa hanya?"

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don na san Inna, in ta kafe ko motar ɗaukar kaya ba ta ja ta. Na so in sungume ta in yi waje da ita, amma na san da na juya baya za ta dawo ta jingina. Laimar bangon duk ta fara bushewa, amma farin wurin nan yana nan daban, kuma na rantse siririn gefen ya ƙara tsawo tun zamanmu.

Baba Toka ya juya hular a hannunsa. Bai lallashe ta ba, bai ce ta yi haƙuri ba.

"Mutumin nan," ya ce, "tunda nake da shi, ko kujera bai taɓa yi ta karye da mai ita ba. In ƙusa ɗaya ta leƙo sai ya kwance aikin ya sake. Kin fi ni sani. So kike gobe a tsaya a layin nan ana nuna toka, ana cewa ai bangon Kafinta ne ya cinye matarsa? Shi ke nan abin da za a riƙa tuna shi da shi. Ke za ki ja masa wannan?"

Kai, Baba! Ni kaina sai da maganar ta soke ni. Inna ta dube shi, kallon da ban taɓa ganin ta yi wa mutum ba. Ta dafa ƙasa, ta miƙe da ƙyar, ta ƙi karɓar hannuna. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ka fasa," ta ce. "In ka gama, kada ka ƙara taka min gida."

"Na ji, Uwargida."

Mai ɗinki ta ja ta zuwa gidanta. Ya sa na kira 'yan kwana-kwana, amma ya ce ba za a zauna jiran su hannu sake ba. Maƙwabta suka jeru da bokitai, aka fitar da gadon da katifa da labule. Ya hana kowa taɓa bangon da guduma. Ya hau tsani ya huda ƙananan ramuka ta can sama, ya riƙa ɗura ruwa a hankali, muna jin cikin bangon yana tsuwa, tururi mai wari yana fitowa ta ramukan. Sai da ya gamsu sannan ya sa sandar ƙarfe ya ɓamɓare filastar daidai wurin da Inna ke jingina.

Da katakon ya buɗe, bangon ya ja iska, fuuu, duk wanda ke ɗakin ya ji. Ciki baƙi ƙirin, rami guda, katakon ya zama gawayi, ga jajayen garwashi nan birjik a cikin duhun suna haske suna dushewa. Duk ruwan da aka ɗura bai kai gare su ba. Wani harshe ya yi tsalle ya lashi gemunsa, bai ko ja da baya ba, ya ce, "Ruwa." Aka yi ta miƙa masa. Da 'yan kwana-kwana suka iso suka ƙarasa buɗe bangon, aka ga inda cin ya tsaya. Tsakaninsa da inda Inna ke ɗora kanta bai kai tsawon hannuna ba. Na fita tsakar gida na zauna a kan itacen nan na yi kuka har na gode Allah.

Shi ya sake gina bangon, da bulo, ya bar tazara tsakaninsa da murhun. Ya bubbuga saman murhun har ya miƙe, ya gyara ƙofar, ya koya min tagar iska ni kuma na koya wa Inna. Duk wannan aikin sai da ya tabbata tana gidan mai ɗinki yake shigowa, don ta ce kada ya taka mata gida, shi kuma bai so ta gan shi a ciki ba. Ranar da ta dawo, kai tsaye wurin bangon ta nufa. Ta ɗora tafinta, ta daɗe. Sanyi ƙalau. Ta janye hannun ta goge a zane.

Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. In ya gaishe ta a hanya sai ta kau da kai. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na haɗa ta da 'yan'uwanta, a banza. Na je na ba shi haƙuri, kunya kamar ta kashe ni, sai ya ce, "Bar ta, 'yata. Abin da na ɗauke mata ba ƙarami ba ne." Abokinsa ne fa ya rasu shi ma, da hannunsa ya rushe aikin abokin, kuma ba wanda ya tambaye shi yadda ya ji.

Kai ne wanda ya yarda a tsane shi, Baba, don a rayu. Da ka so, da ka duba murhun da aka kira ka dominsa, ka ce zai gyaru, ka tafi ana sa maka albarka. Ka zaɓi ka faɗa wa tsohuwa mai takaba maganar da ka san ba za ta yafe ba. Na gode. 'Yan'uwana sun gode. Allah ya ba ka lafiyar ƙirjin nan, ya sa ka huta hutun da ka hana kanka.

Ku kuma masu karatu, in murhunku ya taɓa yin ja, kada ku tsaya kan ƙarfen kawai kuna tambayar ko ya lalace. Ku taɓa bango, ku taɓa rufi, ku kira wanda ya sani kafin ku sake kwanciya a ɗakin. Masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace sana'a, ku je ku zauna da dattijon nan tun yana da numfashin magana. Ku koyi aikin, ku kuma koyi tsayawa a kan gaskiya ko da za a rufe muku ƙofa.

Da na gama rubutun nan na je na sami Inna. Tana zaune gaban murhunta, jikarta a cinya, tana murɗa tagar iska da kanta, tana yi wa yarinyar faɗa kan ta cika kiriniya. Na ce mata na yi rubutu a kan Baba Toka, ko tana da abin da za ta ce a saka. Ta yi tsaki, ta gyara wa yarinyar zama.

"Ki rubuta cewa ya rushe min bango."

To, Baba, ga shi na rubuta. Da bakinta ta faɗa min, yau da safe, tana nan da ranta.